Ranakun Asabar da Na Ba Makaranta

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faro, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, shekaruna talatin da 'yan kai, muna zaune a wani ɗan gida a bayan Gwarinpa, ina kuma aiki a wani kamfani da ke yin garin kunun yara a gefen Abuja. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba zan faɗi sunan kowa ba, don ba tonon silili ne ya sa na rubuto ba. Kimiyyar abinci na karanta a jami'a. Aikina shi ne tsayawa tsakanin kamfanin da hukumar da ke ba da izinin sayar da abinci. Ni ke haɗa takardun rajistar kaya, ni ke duba rubutun jikin leda kafin a kai wa mai bugawa, ni ke sabunta izini idan ya kusa ƙarewa, kuma idan masu duba masana'anta suka zo ni ake turawa in tare su a bakin ƙofa. Irin aikin nan ne da ba a tunawa da mai yin sa sai ranar da abu ya lalace. Ko mahaifiyata, idan aka tambaye ta me nake yi a Abuja, cewa take ina bin takardu ofis-ofis, kuma ban taɓa samun bakin musa mata ba.

Gaskiya aikin na iya shi, kuma na san na iya. A shekarun da na yi a wurin babu izinin da ya taɓa mutuwa a hannuna, babu kayanmu da aka taɓa dawo da shi saboda rubutun leda. A hukumar kuwa, idan aka ga fayil ya fito daga hannuna ba a cika wahalar da shi ba, don an san ba na kai abin da ban duba ba. A wannan sana'a tamu jarin mutum ke nan, sunansa a wajen hukuma. Ba mu da shago, ba mu da kayan sayarwa, abin da kamfani ke biya a wajenmu shi ne a ga sa hannunmu a yarda. Sai dai ni a lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Abin da ke cin raina shi ne shekara da shekaru ina matsayi ɗaya, waɗanda muka yi makaranta tare suna ta hawa, ni kuma ina nan ina jiran motar haya da fayil a hammata. Ga ni da saurin hasala, ga ni da son a ce ni ce.

Akwai wata al'ada a kamfanin da sai na bayyana ta kafin ku gane inda na kauce. A hukumance ranar Litinin ake taron shugabannin sassa, a ɗaki mai dogon tebur da ruwan roba a gaban kowa. Amma duk wanda ya daɗe a wurin ya san taron Litinin maimaita abin da aka riga aka yanke ne. Ainihin shawara ranar Asabar da hantsi ake yin ta, a cikin sito. Oga, wato mai kamfanin, zai zo da jallabiya da silifas, riƙe da kular waina da miya, ya zauna a kan buhun masara. Manajan sarrafa kaya zai zo, mai sayo mana hatsi da gyaɗa zai zo, sai ni. Babu mai rubuta komai. A nan ake cewa waken suyan wane ya yi tsada a koma wajen wane, a nan ake cewa a rage girman leda, a nan ake cewa a canja mai kawo sukari. Ni kuma nawa a zaman bai wuce in ce wannan sai an sanar da hukuma, ko in ce wannan ba zai yiwu ba. Oga ya yi tsaki ya ce ni ce birkin kamfaninsa, a yi dariya, amma yawanci sai a fasa ko a jira in rubuta wa hukuma. Allah ya sani na tsani zaman nan. Ina ganin ƙauyanci ne a ce mai digiri tana zaune a kan buhu, ƙurar gari na bin mayafinta, ana gudanar da kamfani kamar hirar majalisa.

Abin ya taso ne daga wani taron ƙara wa juna sani da aka tura ni a wani otal a tsakiyar gari. Wadda ta yi mana jawabi sa'ata ce, tana irin aikina a wani babban kamfanin magunguna, amma da aka zo gabatar da ita sai da mai gabatarwar ya ja numfashi kafin ya gama karanto haruffan digiri da satifiket da ke bayan sunanta. Wallahi babu abin da ta faɗa da ban sani ba, sai dai ita ta san sunan kowane abu da Turanci mai nauyi, ni kuwa aikata shi kawai na iya. Na dawo gida raina a jagule. Muna da wani zaure a waya na masu irin aikinmu, kuma da wuya mako ya wuce ba a tayar da musun nan ba: shin ƙarin karatu da satifiket na ƙwarewa suna da amfani a wannan aiki, ko kuwa gogewa ce kaɗai ke aiki? Tsofaffin hannu su ce ɓata lokaci ne, masu tasowa su ce baƙin ciki ne ke sa su faɗin haka. Ni na bi bayan masu tasowa, don duk sanarwar neman ma'aikaci da na buɗe sai in ga an ce mai digiri na biyu ya fi samun fifiko.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai sanyin hali. Da na kai masa maganar komawa makaranta bai hana ni ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, ya ce idan na gama, wane abu ne zan riƙa yi a wajen aiki wanda ba na yin sa yanzu. Maimakon in amsa masa sai na hau fushi. Na ce masa dama haka maza suke, ba sa son mace ta ɗaga kai. Washegari kuma shi da kansa ya kai ni makarantar na yi rajista. Har yau idan na tuna maganar da na yaɓa masa sai kunya ta kama ni.

Karatun na ƙarshen mako ne, yammacin Juma'a da yinin Asabar. Na shiga wajen oga ina ta tsara hujjoji a raina, don na ɗauka zai ƙi. Ko gama bayani ban yi ba ya ce Allah ya sa albarka, kamfani ma zai yi alfahari da ni, Asabar kuma kada ta dame ni, duk abin da aka tattauna za a sanar da ni. Har ya ce zai taimaka da wani abu a kuɗin makaranta, kuma ya taimaka. Na fito ina cewa ashe mutumin nan yana da kirki haka ban sani ba. Ba na so in ɗauki alhakinsa, mai yiwuwa a ranar da zuciya ɗaya ya yi. Amma yanzu idan na tuna yadda fuskarsa ta saki, sai in ga kamar mutumin da aka sauke wa kaya daga ka.

Wahalar da na sha a karatun nan ba ta faɗuwa. Ranar Juma'a in baro masana'anta in faɗa cunkoson masu dawowa daga masallaci, in isa aji an yi nisa. Ranar Asabar in tashi yara da sassafe in miƙa su ga maƙwabciyata, wata baiwar Allah 'yar Filato da ba zan iya biyan ta ba, in dawo da yamma kaina na sarawa. Lahadi wanki da girkin mako. Biki ya wuce ni, suna ya wuce ni, har gaisuwar mutuwa sai ta waya, dangi suka fara cewa Abuja ta shiga kaina. Gyambon ciki ya kama ni don ba na cin abinci a kan kari. Ƙaramar 'yata ta koyi karatu ba a hannuna ba. Amma kada in yi wa karatun butulci, ya yi mini daɗi. A nan na gane dalilin dokokin da na daɗe ina bi a makance, na gane yadda wasu ƙasashe ke yi, na koyi rubuta bayani yadda mai dubawa ba zai sami inda zai soke ba. Daɗin nan ne ma ya ja ni. Ina gama digirin, ban ko huta ba na sake shiga wani kwas ta intanet na wata ƙungiyar ƙwararru a ƙasar waje, mai jarrabawa mai zafi, shi ma darasinsa ranar Asabar. Kusan shekara uku ke nan ban taka siton nan da hantsin Asabar ba.

Da farko an cika alkawari. Da yammacin Asabar manajan sarrafa kaya zai kira ni ya ce ga abin da aka ce, ni kuma in ce a dakata da kaza. Daga baya kiran ya koma saƙo. Daga baya ya koma sai mun haɗu a matakala ranar Litinin ya faɗa mini a tsaitsaye. Daga nan kuma sai shiru, ni ma ban nema ba, don kaina na cike da jarrabawa kuma na ɗauka shirun na nufin babu sabon abu. Manajan nan mutumin Nasarawa ne, dattijon kirki mai yawan barkwanci, ba Bahaushe ba ne amma da Hausa muke yi. Wata rana ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce, "Madam, ka bar makaranta ɗin nan small, ka zo ka ci waina da mu. Abubuwa yana canjawa fa." Na yi dariya na ce masa ai saura kaɗan in gama. Ban tambaye shi waɗanne abubuwa ba. Mutumin ya yi iyakar abin da mai tsoron bakin aikinsa zai iya yi, ni ce ban ji ba.

Da na ci jarrabawar ƙarshe, oga ya yi abin da ya fi ƙarfin tsammanina. Ya tara ma'aikata, aka yanka kek, ya ce daga yau ni ce shugabar sashen bin ƙa'idoji da tabbatar da inganci. Aka ɗauke ni daga ɗan lungun da nake kusa da ɗakin injuna aka kai ni bene, ofis mai sanyi da labule. Aka rubuta wa hukuma cewa ni ce jami'ar da ke da alhakin duk abin da ya fita daga masana'antar. Kwafin takardun karatuna kuwa ya shiga kowane fayil, har da na neman kwangilar kai kunu asibitoci da gidajen marayu, kuma na ji da kunnena oga na gaya wa baƙi cewa ƙwararriyarsa har waje an san da ita. Kaina ya kumbura. Na shiga zauren nan namu na waya na rubuta dogon bayani cewa ga ni nan ni ce shaida, karatu yana biya. Ban tsaya na lura cewa sashen da aka ba ni shugabanci ni kaɗai ce a cikinsa ba, kuma babu buhu ɗaya da ake jiran izinina kafin a sauke shi.

Asabar ta dawo hannuna, amma ban koma sito ba. Na gaji, yarana na bukatata, kuma a raina ina ganin yanzu na wuce zaman buhu, duk mai magana ya same ni a bene. Sau ɗaya na je, shi ma don na manta wani abu a ofis ne. Na leƙa na same su ana ta magana, har da wani mutum da ban sani ba. Ina yin sallama aka yi tsit. Oga ya ce a kawo wa Hajiya kujera, ai ba a barin babbar ma'aikaciya a kan buhu. Aka ɗauko kujerar roba aka goge mini, aka zuba mini waina, hira ta koma ta ƙwallo da tsadar man fetur. Da na ga babu abin da ake yi sai na yi musu sallama. Ina jiyo muryoyinsu sun sake tashi tun kafin in kai 'yar motar da na lallaɓa na saya. Wallahi a ranar daɗi na ji, na ɗauka girmamawa ce.

Akwai kuma abin da hancina ya gaya mini na ƙi saurara. Garin kununmu da gyaɗa da waken suya ake yin sa, kuma ranar da ake suyar gyaɗa duk unguwar sai ta sani, ƙamshin har cikin kayan jikinmu yake bin mu gida. Wata rana ina hawa bene sai na ji a raina cewa na daɗe ban ji ƙamshin nan ba. Na tambayi mai sayo kaya, ya ce injin suyar ne ke gyara, ana lallaɓawa da abin da aka tara. Na ce to Allah ya sa a gama lafiya, na wuce ofis. Da a ce ni ce ta da, wadda teburinta ke jikin bangon ɗakin injuna, da ko ban tambaya ba zan san injin ya yi kwana nawa bai tashi ba. Daga bene kuwa sauka ƙasa sai da dalili, kuma kullum akwai rahoton da nake rubutawa mai kyau da tsari, irin wanda aka koya mana.

Ranar da abin ya fashe, jami'an hukuma ne suka zo ba sanarwa. Sun ɗauki kununmu a kasuwa sun gwada, sun sami gubar nan da fumfuna ke bari a jikin gyaɗa, fiye da yadda aka yarda, a abincin da ake ba jarirai. Na tare su da fara'ata da ƙarfin gwiwata, na ce lallai akwai kuskure, ko kuma jabu ne ake yi da sunanmu, su zo in nuna musu yadda muke tsince gyaɗa kafin suya. Ni na shige gaba har ɗakin suya. Muka tarar da injin a rufe da tamfol, saƙar gizo-gizo ta yi masa rawani, an jingina tsintsiya da bokitai a jikinsa. A gabansu manajan ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Tun da dizal ya yi tsada aka daina suya a masana'anta. Wani mutum ne a Durumi, wanda na gani a sito ranar nan, yake soyawa a wani fili ya niƙa ya kawo gari a buhu, babu mai ganin gyaɗar balle ya tsince ruɓaɓɓiya. An fi shekara ana haka, kuma a zaman Asabar aka yanke. A cikin shekarar nan ni na sa hannu a takardar sabunta izini da ke cewa komai a ƙarƙashin rufinmu ake yin sa.

Aka rufe masana'anta, aka ce in bayyana a hukuma ni da oga. Kafin ranar ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya yi magana a hankali kamar uba. Ya ce in ce na san da maganar, tsari ne na wucin gadi, ina cikin shirya sanar da hukuma ne aiki ya sha kaina. Ya ce idan na faɗi haka abin zai tsaya a matsayin jinkirin takarda, shi zai ji da sauran, kuma ba zai manta da ni ba. Na ce masa ai ban sani ba. Ya ce, "Hajiya, ke ce mai satifiket. Ni ɗan kasuwa ne, me na sani? Sunanki ne a wurinsu, ba nawa ba." Na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita. Idan na ce na sani, na zama wadda ta sa hannu a kan ƙarya tana sane, abincin jarirai kuma. Idan na ce ban sani ba, na zama shugabar inganci da aka kwashe rabin aikin masana'anta daga ƙarƙashinta shekara guda ba ta farga ba. Ko ta ina na bi, sunan nan da na ce muku shi ne jarinmu ba zai fita lafiya ba. Da na gaya wa maigidana, bai tuna mini da komai ba. Cewa ya yi in faɗi abin da zan iya maimaitawa a gaban Allah.

Wadda ta jagoranci zaman a hukuma wata babbar jami'a ce, dattijuwa, da ta san ni tun ina sabuwa. Ita ta taɓa zaunar da ni ta nuna mini yadda ake jera fayil lokacin da ban san komai ba. Takarduna na gabanta, har da kwafin digirin da satifiket ɗin. Duk tambayar da suka yi na gane ta, na san dokar da ta fito daga ciki, na san ma wadda za ta biyo baya, kuma wannan sanin bai ƙara mini komai ba sai ɗaci. Can ta ɗago ta ce, "My daughter, magana ɗaya ce. Kin sani ko ba ki sani ba?" Na ce ban sani ba. Oga ya gyara zama. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona, ba da faɗa ba, sannan ta ce, "To me kike yi a wurin?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Amsar gaskiya ita ce ina bene ina rubuta rahoto.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. An janye kunun daga kasuwa, kuma ina gode wa Allah ban ji labarin yaron da ya cutu ba, ko da yake irin wannan guba ba a ranar take nuna kanta ba, wannan kuma yana cikin abin da ke hana ni sakewa har yanzu. An hukunta kamfanin, ya gyara abin da aka ce ya gyara, bayan wasu watanni ya buɗe. Oga na nan yana kasuwancinsa. Ni aka ce in je in huta za a neme ni, ba a kuma neme ni ba. Na shiga neman aiki da takarduna masu kyau, kuma ba zan ɓoye ba, suna sa a kira ni ganawa, wuraren da da ko amsa ba za su ba ni ba. Amma masu irin aikinmu a garin nan ba su da yawa, kowa ya san kowa. Ana cikin ganawa sai wani ya duba takarda ya ce, au, ke ce ta kamfanin kaza? Daga nan sai a fara yi mini tambayoyin ladabi, in san an gama. Na fita daga zauren nan na waya ba tare da na yi sallama ba.

Yanzu ina taimaka wa ƙananan masu sana'a ne, matan da ke yin yaji da man shanu da garin ɗanwake a leda, su yi rajistar kayansu. Ana samun na rufin asiri. Wani lokaci matasa masu shiga wannan aiki sukan tambaye ni ko su koma makaranta, kuma na gaji da tambayar don ba ni da amsa mai daɗin ji. Ba zan ce karatu banza ne ba, ƙarya ne. Cikin waɗanda muka yi aji ɗaya akwai wanda takardar ta kai shi babban kamfani, yana can yana jin daɗi, amma shi bai bar bakin injinsa ba ko na mako guda, hutunsa na shekara ya riƙa yankawa yana karatun. Akwai kuma da yawa da suka gama suka koma teburinsu na da, babu abin da ya canja sai gajiya. Abin da na gane, a makare, shi ne takarda tana ƙara wa sa hannunka nauyi, amma ba ta ƙara maka ido. Kuma a ƙananan kamfanoni irin namu, ranar da takardarka ta yi nauyi ranar ce mai kamfani ya sami wanda zai tura gaba.

Don haka 'yan'uwana masu wannan aiki, musamman mata irina da ke ganin an bar su a baya, ku yi karatu idan kuna da hali, amma kafin ku yi rajista ku duba da kyau me za ku bayar a madadinsa, don ba kuɗi da barci kaɗai ake biya ba. Kowane wurin aiki yana da inda ake yanke magana ta gaskiya, wani a sito, wani a motar oga, wani a bakin masallaci bayan la'asar. Ku nemo wurin, kada ku raina shi, kada kuma ku bar shi ko da an sallame ku da fara'a. Idan aka ba ku babban suna aka ɗauke ku daga inda ake aikin, ku tambaya me aka ba ku iko a kai. Kada ku yarda sunanku ya je hukuma a kan ɗakin da ba ku shiga da ƙafarku ba a makon nan.

Har yanzu ina zuwa hukumar da fayil ɗin matan nan, in zauna a benci in jira layi. Fayil ɗina yanzu sai an buɗe shi shafi-shafi, kuma ban ga laifinsu ba. Kwanakin baya ina zaune na ji wata sabuwar ma'aikaciya, yarinyar da ba ta ma fara aiki ba lokacin da abin ya faru, tana tambayar abokin aikinta fayil ɗin wa ke gaba. Bai duba takarda ba, bai faɗi sunana ba, balle haruffan da na sha wuya na jera a bayansa. Ya nuna ni da haɓa ya ce na madam ɗin kunun nan ne. Na tashi na miƙa mata.